Tsakanin Apple, Google da kamfanin layi: wa ke cin kuɗin wayar da ke hannunka?

Tambaya daga wani Alhaji mai shagon wayoyi a Adum, mazaunin Aboabo a Kumasi: "Tun 2018 nake riƙe da hannun jarin MTN da na saya ta MoMo, asusun kuɗin waya na MTN. Yanzu ɗana da ya gama jami'a ya matsa mini in sayar in sayi na Apple ko Google, wai su ne masu kasuwar manhajoji, kamfanin layi kuwa ɗan dako ne kawai. Su masu zuba manyan kuɗi yaya suke kallon wannan abu? Kuma tsakanin Android da iPhone wa zai yi nasara?"

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya yi wa kasuwa albarka. Ɗan naka bai yi ƙarya ba. Sai dai karatun da ya ɗauko na Amurka da Turai ne, kai kuwa a Adum kake ciniki, kuma lissafin wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Na yi shekaru ina aikin nazarin kamfanoni a wani gidan dillancin hannun jari a Akra, kuma wannan gardama ta ɗan dako da maigida mun sha yin ta har shayi ya huce.

Ka san yadda kakanninmu suka yi fataucin goro a Zango. Falke ya taso daga Arewa, maigida ya sauke shi, ya ba shi ɗakin kwana da wurin ajiya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, sannan ya yanki la'ada a kowane ciniki. Mai jaki, daga baya mai lori, shi ke shan wahalar hanya, amma kuɗin dako kawai yake samu, kuma ranar da motoci suka yi yawa a tasha kuɗin dakon faɗuwa yake. To mai zuba jari na gaske ba ya fara tambayar wace waya ta fi kyau ko wacce ta fi yawa a hannun mutane. Abin da yake nema shi ne a gidan wa ake ƙirga kuɗin, wa ke yankar la'ada.

Kafin 2007 kamfanonin layi su ne masu gida. A Japan, kamfanin layi NTT DoCoMo ya buɗe dandalin intanet na waya mai suna i-mode a 1999, duk mai son sayar da wani abu ta waya sai ya bi ta ƙofarsa. Vodafone ya yi irin nasa a Turai a 2002. Mu ma nan mun gani: waƙar da ake sa wa mai kira, sakamakon ƙwallo ta saƙon tes, duk daga kiredit ake cira, kuma kamfanin layi ke ɗaukar kaso mai tsoka. Sai iPhone ta fito a 2007, Apple ya buɗe App Store a Yulin 2008 ya ce duk abin da aka saya a ciki kashi 30 cikin 100 nasa ne. Wayar Android ta farko ta shigo kasuwa a Oktoban wannan shekarar da nata rumbun manhajoji, wanda ya koma Google Play a 2012. Cikin 'yan shekaru ƙofar biyan kuɗi ta bar hannun masu layi. Manyan kamfanonin sadarwa na duniya sun haɗa kai a 2010 don su kafa kasuwar manhajoji tasu, ba ta wuce 2012 ba. WhatsApp ya zo ya cinye kasuwar tes, daga 2015 ya fara cin ta kira, kuma Facebook ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 19, alhali ko turken sabis ɗaya WhatsApp bai taɓa kafawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga nan maganar ɗan dako ta samo asali, kuma a can ta tabbata: kamfanonin sadarwa na Turai sun yi ta kuka a 2022 da 2023 cewa manyan kamfanonin intanet su taya su kuɗin gina hanya, ba su samu ba, Vodafone kuma ya sanar a 2024 cewa zai rage ribar da yake raba wa masu hannun jari da rabi.

Kafin in ci gaba bari in faɗi nawa kuskuren, don kada ka ɗauke ni waliyyi. A wajen 2010 na tsaya a ofis na rantse cewa Nokia ba za ta faɗi ba. Hujjata ita ce na zaga kasuwar Kejetia na ga kowa da Nokia a aljihu, kuma a ƙarshen 2007 kusan kashi 40 cikin 100 na wayoyin da ake sayarwa a duniya nata ne. Ni na ƙirga wayoyi, waɗanda suka fi ni hankali suka ƙirga masu rubuta manhajoji da inda suka dosa. Masu rubuta manhaja suna bin inda masu saye suke, masu saye suna bin inda manhajoji suke, idan wannan zagaye ya kama, na uku da na huɗu ba su da wurin zama. Nokia ta koma tsarin Windows a 2011, Microsoft ya sayi sashen wayoyinta a 2014, a 2015 ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kai. BlackBerry da 'yan ofis suke taƙama da ita ta bi sahu, aka kashe tsohon tsarinta a Janairun 2022. Kai ma ka san yawan kayan gyaransu da suka kwanta wa mutane a PZ, kasuwar wayoyin Adum.

Saboda haka tambayarka ta biyu, wa zai yi nasara tsakanin Android da iPhone, masu zuba jari sun daina yin ta a haka. Duka biyun sun ci, amma kowa da irin cinsa. Android na kan kusan kashi 70 cikin 100 na wayoyin zamani a duniya, iPhone kuwa ta riƙe fiye da rabin kasuwar Amurka, ta kuma riƙe masu hannu da shuni a ko'ina. Shi ya sa duk da ƙarancin masu ita, kuɗin da ake kashewa a App Store ya kai kusan ninki biyu na wanda ake kashewa a Google Play. Masu son Apple abin da suke kallo shi ne sashen da kamfanin ke kira na hidimomi, wato la'adar manhajoji, kuɗin ajiya, kiɗa da makamantansu. Sashen ya kawo kusan dala biliyan 96 a shekarar kuɗi ta 2024, kuma a kowace dala fiye da santi 70 ke saura bayan an cire kuɗin samar da hidimar, yayin da a wayar kanta da sauran na'urori abin bai kai santi 40 ba. A wurinsu iPhone ɗakin sauke baƙi ce, la'adar ita ce sana'ar.

Masu son Google kuwa cewa suke Android ba don a sayar aka yi ta ba. Google ya saye ta tun 2005, yana ba masu ƙera waya kyauta, don ya tabbata cewa duk wanda ya buɗe waya zai faɗa cikin bincikensa da YouTube da taswirarsa. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin uwar kamfanin, Alphabet, daga talla yake fitowa. Ga wani abin da zai nuna maka cewa faɗan nasu na 'yan gida ɗaya ne: a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple dala biliyan 20 don bincikensa ya zama na farko a iPhone.

Akwai kuma ɓangare na uku, masu cewa la'adar kashi 30 ba za ta dawwama ba, kuma ni ina jin maganarsu. Kamfanin wasanni na Epic ya kai su biyun kotu a 2020. Daga 2021 dukkansu suka sauke la'adar zuwa kashi 15 ga ƙananan masu manhaja. Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple tun Maris 2024 ya bar wasu kasuwannin manhajoji su shiga iPhone. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda zai sayi Apple ko Alphabet yau, yana sayen kamfanin da duniya duka ta riga ta san yana da kyau, an kuma sa wannan sanin a cikin farashi, ga kotuna da majalisu suna zagaye da shi.

Yanzu mu dawo gida, don a nan gizo ke saƙa.

Ka duba shagonka. Cikin wayoyi goma da kake sayarwa, nawa ne Tecno, Infinix da Itel? Duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019 kuma shi ke kan gaba a sayar da waya a Afirka. Wayoyinsu na zamani duk Android ne. To cikin masu sayensu, mutum nawa ka sani da ya taɓa sa katin banki ya sayi manhaja a Google Play? Yaro ya sayi waya, kafin ya bar PZ abokinsa ya tura masa komai daga waya zuwa waya ta manhajar Xender. iPhone da ake yayi kuwa yawancinta ta hannu ce daga waje, Apple ya riga ya ci kuɗinta a wurin mai ita na farko. Ke nan a nan ƙofar la'adar Apple da Google a buɗe take amma masu shiga kaɗan ne, tallan da Google da Meta, uwar kamfanin Facebook, ke nuna wa ɗan Gana kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na ɗan Amurka ba. Amma akwai kuɗin da kowa ke biya, mai Tecno da mai iPhone, kullum ko kowane mako, ba bashi ba ragi: kuɗin data. TikTok, YouTube, kiran bidiyo da 'yan'uwa a Jamus da Italiya, karatun malamai da ake turawa a WhatsApp, duk a kan bandir ɗin data suke tafiya. A rahoton MTN Gana na 2024, data ita kaɗai ta kawo kusan rabin kuɗin hidimar kamfanin, ta bar kira a baya nesa. Ko Android ta ci ko iPhone ta ci, mai layi bai damu ba, muddin mutum ya ajiye ƙaramar wayar nan mai madannai da ake kira yam ya ɗauki mai shafawa. Shi ya sa masu nazari suke bin labarin wayoyin da ake bayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, irin na M-KOPA: duk wanda ya karɓi ɗaya ya zama mai sayen data.

Lissafin data kuwa ga yadda yake. Farashin giga ɗaya kan sauka idan aka auna shi da tsadar sauran kaya, yawan gigar da mutum ke sha kan hau. A misali, idan farashi ya sauka da kashi 20 cikin 100 amma shan data ya ƙaru da kashi 50, kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 20. Muddin shan ya fi saukar gudu, kamfani na cikin alheri. A Turai kowa ya riga ya mallaki waya, kamfanoni uku ko huɗu masu ƙarfi ɗaya suna yanka wa juna farashi, shi ya sa suka zama 'yan dako. A Indiya, kamfanin layi Jio ya shigo a 2016 da data kusan kyauta, ya rusa farashi, ƙananan kamfanoni suka mutu ko suka haɗe. Amma ka lura da abin da ya biyo baya: a 2020 Facebook ya zuba dala biliyan 5.7 a Jio, Google ya zuba biliyan 4.5. Masu gidan da kansu suka zo suka sayi rabo a motar dako, don sun gane cewa a ƙasar da mutane ke hawa intanet karo na farko, mai hanyar yana da ƙarfi.

A Gana motocin ba su yi yawa a tasha ba. Vodafone ya sayi kashi 70 cikin 100 na Ghana Telecom a 2008 a kan dala miliyan 900, ya sayar wa Telecel a 2023. Airtel da Tigo sun haɗe a 2017, masu su suka miƙa wa gwamnati a 2021, aka sa masa suna AT a 2023. Glo ya tattara. MTN ya biya dala miliyan 67.5 a 2015 ya karɓi lasisin 4G, ya yi shekaru yana gaba kafin Vodafone ya samu nasa. Wannan tazarar ita ce asalin ribar da kake karɓa.

Sannan ga abin da ɗan naka bai sa a lissafi ba, MoMo. An fara shi a 2009, kuma *170# ba ya neman izinin Apple ko Google, ko a kan yam yana aiki. A nan kamfanin layi ba ɗan dako ba ne, shi ne maigidan da ake ƙirga kuɗi a zaurensa. Masu manyan kuɗi sun ga haka: a 2021 Mastercard da wasu suka sayi rabo a sashen kuɗin waya na Airtel Africa bisa ƙimar dala biliyan 2.65, a 2023 kuma Mastercard ya amince ya shiga sashen kuɗi na uwar kamfanin MTN bisa ƙimar dala biliyan 5.2. Inda mai layi ya gwada kwaikwayon masu manhaja kai tsaye, kamar Ayoba da aka fito da ita a 2019, bai kori WhatsApp daga wayar kowa ba. Inda ya tsaya a kan abin da ya fi kowa, wato wakilai a kowace kwana da lambar waya da ta zama asusu, ya ci.

Kada ka ce na zo yabon kayan da kake riƙe da su. Suna da nasu ciwon, kuma babba. Na farko hukuma. Tun Yunin 2020 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwa, wanda ke ba ta damar sa masa hannu a farashi don ƙananan su numfasa. A Yulin 2025 gwamnati ta sa aka ƙara yawan datar da ke cikin bandir, MTN da kashi 15 cikin 100, sauran biyun da kashi 10. Harajin E-Levy da aka ɗora a Mayun 2022 ya sa mutane suka ja baya daga tura kuɗi na wani lokaci, aka rage shi a 2023, aka soke shi a 2025. Alƙalami ɗaya a Akra yana iya taɓa ribarka fiye da duk abin da Apple zai ƙera. Ga kuma kuɗin gini da ba ya ƙarewa: turaku, igiyoyi, man janareta lokacin dumso, wato ɗaukewar wuta, kayan aiki da ake saye da dala alhali ana karɓar sidi. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka yanke, kwanaki ana fama.

Ciwon da ya fi duka shi ne sidi. Ka sayi hannun jarin a pesewa 75 lokacin da dala ba ta kai sidi 5 ba. Lokacin da dala ta kai sidi 15, sai hannun jarin ya kai wajen sidi 2 da pesewa 30 kafin a ce ka mayar da uwar kuɗinka a lissafin dala, ban da ribar da aka raba maka. Kai da kake sayo kaya da dala, wannan lissafin ya shafe ka fiye da ma'aikacin gwamnati. Idan ɗanka yana da hujja mai ƙarfi, wannan ce, ba maganar ɗan dako ba. Amma wuƙar baki biyu gare ta. A 2025 sidi ya farfaɗo daga wajen 15 zuwa kusa da 10, wanda ya canza kuɗinsa a 15 ya sayi Apple ya yi asarar kusan sulusi a lissafin sidi ko da hannun jarin bai motsa ba. Ka kuma sani ribar da Apple ke rabawa a hannu ba ta kai kashi 1 cikin 100 na farashinsa ba, ya fi son sayen hannun jarinsa da kansa don farashi ya hau, kuma Amurka na cire kashi 30 cikin 100 daga ɗan abin da aka raba wa baƙo irinmu, a nan gida kuwa kashi 8 ake cirewa. Mutumin da ya saba ganin riba ta shigo masa a MoMo kafin Sallah zai ji shiru.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: ba zan sayar da duka don in bi Apple ko Google ba, kuma ba zan bar duk ajiyata a kamfani ɗaya, ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya ba, balle ga shagonka ma a kan waya yake. Idan kana son wani kaso a dala, ka ɗauke shi a matsayin kariya daga faɗuwar sidi, ka shiga a hankali, da kuɗin da ba na jarin shago ba ne, ba kuma na susu, wato adashi, da ake jiran ka zuba ba. Ka bi ta dillalin da hukumar kula da hannun jari ta ƙasa, SEC, ta ba lasisi, ka tambayi a sunan wa za a rubuta hannun jarin da yadda za ka fitar da kuɗinka. Mutanenmu na Zango sun sha wuya a 2018 a hannun masu alkawarin riba kowane wata, ba sai na tuna maka ba. Batun halasci kuma, dukkan kamfanonin nan suna da bashin banki da kuɗin ruwa a littattafansu, akwai kuma rancen da ake bayarwa ta MoMo. Malamai suna da ma'aunin da suke bi a kan irin wannan, ka kai wa malaminka rahoton shekara ya duba, wannan ba fagena ba ne.

Abin da zai sa in canza ra'ayi ɗaya ne, wato idan ƙofar biyan kuɗi ta fara barin hannun mai layi. Ya faru a Indiya: tsarin UPI da aka kafa a 2016 ya haɗa bankuna kai tsaye, yau manhajojin PhonePe da Google Pay ke ɗauke da mafi yawan cinikin, masu layi suna kallo. Mu ma muna da tubalin irin wannan, GhIPSS, reshen Babban Bankin Gana mai kula da hanyoyin biyan kuɗi, ta haɗa layuka da bankuna tun 2018, bankuna kuma sun fito da GhanaPay a 2022, duk da cewa har yanzu bai girgiza MoMo ba. Wannan kai za ka riga mu 'yan ofis gani. Ka sa ɗan naka ya riƙa rubuta yadda masu saye ke biya a shago, nawa a hannu, nawa ta MoMo, nawa ta manhajar banki ko wata daban, wata bayan wata. Idan ya tara na wata shida, ku turo mini mu duba tare da rahoton kamfanin na rabin shekara. A gaida mutanen Aboabo.